Bayani A Kan Ɗaura Rediyon Intanet Bisa Gidaje Da Shaguna

Duk mai tafiya cikin manyan garuruwanmu a yau, in ya ɗaga kai, ya kan ga waɗansu fararen abubuwa a kan dogayen sanduna bisa gidaje da shaguna, wani kamar faranti, wani kamar ƙaramin allo, sun juya fuskokinsu waje guda. Su ne a ke kira rediyon intanet. Ba su kama tashar labarai, ba su fid da murya. Aikinsu shi ne su karɓo intanet ta iska daga wata hasumiya, wadda jama'a su ke ce wa ƙarfen sabis, su sauko da ita cikin gida ta waya. Da ita ɗan kasuwa ya ke ganin kuɗin da aka turo masa, ya aika wa dillalinsa na Ikko ko na Dubai hoton kaya. Da ita kuma malami ya ke samun littattafan da a dā sai an yi tafiyar watanni kafin a sa su a ido. To, tun da abin ya shiga cikin sana'ar mutane haka, ya kamata mai biyan kuɗi ya san yadda a ke ɗaura shi, mai ɗaurawa kuma ya san haƙƙin da ke wuyansa.

Kamfanonin da su ke ƙera waɗannan na'urori sanannu ne, akwai Ubiquiti da Cambium na Amurka, da MikroTik na ƙasar Latbiya, da TP-Link na ƙasar Sin, kuma kayansu ba su cika ba da kunya ba. Amma sai ka ga gida biyu a unguwa ɗaya, na'urarsu iri ɗaya, hasumiyarsu ɗaya, wannan ya shekara yana aiki lafiya, wancan kuwa ruwan farko na damina ya kwantar da shi. Mai gida ya yi ta zagin kamfani, alhali laifin yana ga wurin da aka zaɓa, da sandar da aka kafa, da wayar da aka ja. Rabin aikin ma an gama shi, ko an ɓata shi, tun ba a buɗe kwali ba. Wannan bayani bai shafi Starlink ba, wadda ta fara aiki a Nijeriya a 2023, domin ita sama ta ke duba wajen taurarin ɗan'adam. Sai dai abin da za mu faɗa game da waya da wuta ya hau kanta ita ma.

Farko dai a san halin abin. Rediyon da mu ka saba saurare a gajeren zango, kan mita 19 ko 25 ko 49, tsawon igiyarsa ke nan a ke faɗa, kuma irin wannan igiya ta kan tashi sama ta dawo ƙasa, ta ƙetare hamada da teku. Rediyon intanet ba haka ya ke ba. Galibi yana aiki a kan zango biyu, gigahaz 2.4 da gigahaz 5. Igiyar na farkon santimita 12 da rabi ce, ta na biyun kuwa wajen santimita 5 zuwa 6, watau faɗin yatsu uku. Igiya gajera haka tafiyarta irin ta hasken tocila ce, ba ta kewaya gini, ba ta hawa tudu ta gangara. Ƙarfin da na'urar ta ke fitarwa bai kai wat 1 ba. Duk da haka a shekarar 2007 wani masani mai suna Ermanno Pietrosemoli ya haɗa tsaunuka biyu a ƙasar Benezuwela da irin wannan rediyo, tsakaninsu kilomita 382, nisan da ya ɗara na Kano zuwa Kaduna ƙwarai. Abin da ya ba shi nasara shi ne ba kome tsakanin tsaunukan sai iska. A cikin gari kuwa itacen mangwaro guda ya isa ya hana kilomita 1.

Saboda haka aikin farko shi ne hawa sama a duba. Mai ɗaurawa wanda ya tsaya a ƙofar gida ya ce, ai unguwar nan sabis yana kamawa, bai yi kome ba tukuna. Sai ya hau daidai inda za a kafa sandar, ya ga hasumiyar da idonsa, ya kunna na'urar da batir ya auna. In lokacin hunturu ne hazo ya rufe gari, sai ya nemi jihar hasumiyar da taswirar da ke cikin wayar hannu da kamfas. Ƙurar hazo ba ta tare wannan igiya wani abin kirki, ido kaɗai ta ke tarewa.

Har wa yau ganin hasumiya da ido bai wadatar ba, kuma a nan ne da yawa su ke tuntuɓe. Igiyar ba siririya ba ce kamar zare. Wani masanin haske Bafaranshe, Augustin Fresnel, wanda ya rasu a 1827, shi a ke jingina wa wannan ilmi: hanyar da saƙon ya ke bi tsakanin na'ura biyu siffarta kamar ƙwallon dabino ce, tsukakkiya a baki biyu, mai kumburi a tsakiya. In tsakanin gida da hasumiya kilomita 1 ne, a zangon gigahaz 5.8, kumburin ya kan kai mita 3 da rabi daga tsakiyar hanya zuwa ko wane gefe. In kilomita 5 ne ya kai mita 8. A zangon 2.4 kuwa, wannan kilomita 5 ɗin, mita 12 da rabi ne. Ƙa'idar masu aikin ita ce kashi 60 cikin 100 na wannan fili ya zama ba kome a cikinsa. Watau a tafiyar kilomita 5, rufin bene ko kan itacen da ke tsakiyar hanya ya kamata ya kasance ƙasa da layin gani da kusan mita 5. In ya shigo ciki, ido yana ganin hasumiya sarai, amma saƙon yana gogar rufin yana raunana. A tafiya mai nisa har doron ƙasa kansa a kan lissafa, gama a kilomita 10 ƙasa ta kan taso a tsakiya kusan mita 2.

Sha'anin itatuwa shi ya fi bukatar dogon tunani a ƙasarmu, domin mai ɗaurawa rana ɗaya ya ke zuwa, itace kuwa yana nan shekara duka yana sake tufa. Ganye ruwa ne a cikinsa, ruwa kuwa yana shanye wannan igiya. Wanda aka ɗaura masa da rani ta tsakanin rassan kuka, sa'ad da ta ke tsirara, zai ga aiki kamar ba gobe. Da damina ta sauka ta yi ganye, sai intanet ta fara rarrafe. Gawo kuwa akasin haka ya ke, da damina ya ke zubad da ganyensa, da rani ya tofo, don haka wanda aka ɗaura masa a watan Agusta ta cikin gawo, a watan Disamba zai fara kuka. Darbejiya da mangwaro ba su rabuwa da ganye, ga shi kuma suna ƙara tsawo ko wace shekara, reshen da ke ƙasa da hanya bana shi zai tare ta baɗi. Mai hankali ya kan dubi ko wane itace da ke kan hanya ya tambayi kansa yadda zai zama bayan wata shida, da bayan shekara biyu. Haka kuma in ya ga gidan maƙwabci da rodi a tsaye bisa dakin, ya sani bene na nan tafe, ya tambaya tun yanzu.

Sa'an nan sai awo. Ko wace na'ura tana nuna ƙarfin abin da ta ke karɓa da wata lamba mai alamar ragi a gabanta, a kan rubuta dBm a bayanta. 'Yan kasuwa za su gane ta da sauƙi in sun ɗauke ta kamar bashi: ƙaramar lamba ita ce alheri. Daga -50 zuwa -65 aiki ne mai kyau. Wajen -70 an zo bakin gaɓa. Daga -75 zuwa gaba kuwa wahala ce a ke saye da kuɗi. Kada a raina 'yar tazarar da ke tsakanin lambobin nan, domin ko wane 3 da aka ƙara, rabin ƙarfin ne ya tafi. Wanda ke kan -71 rubu'in abin da mai -65 ya ke samu ya ke samu. Ban da wannan akwai hayaniyar sauran rediyoyin unguwa, wadda ita ma na'urar ta ke aunawa. A kasuwa mai cunkoso kamar Kantin Kwari ko Sabon Gari, inda rediyoyi su ka yi yawa a kan rufi, lamba mai kyau ma ta kan kasa in hayaniya ta taso kusa da ita. Gidan da ke gindin hasumiya kuma nasa ciwon dabam ne, ƙarfi ne ya ke yi masa yawa, sai an rage, kamar mai yi maka ihu a cikin kunne.

A nan akwai maganar da na ke so masu karatu su riƙe, ko da ba ta yi wa kowa daɗi ba. Rediyon da ke kan hasumiya ɗaya ne, gidajen da ke shan sa da yawa, kuma bi da bi ya ke sauraronsu. Misalinsa rijiya ce mai bakin mutum ɗaya. Mai lafiyayyen guga ya ja sau biyu ya cika tulunsa ya ba da wuri. Mai hujajjen guga sai ya ja sau goma, duk layi na tsaye suna jiransa. Gidan da siginarsa ta ke da rauni haka ya ke: a hankali a ke yi masa magana, a maimaita, a sake maimaitawa, lokacin da ya ci kuwa na maƙwabtansa ne. Don haka mai ɗaurawa da ya ga -78 ya ce, a bari haka za ta yi, ya cuci mai gidan, ya kuma cuci mutum ashirin ko talatin da ba su san an yi ba. A ganina mai aikin kirki shi ne wanda zai iya cewa, Alhaji, gidan nan ba zai yi ba sai an ƙara tsawon sanda, in kuwa ba za a ƙara ba, ga kuɗinka. Mai gida kuma in ya ji haka kada ya yi fushi ya nemo wani mai cewa to da kome.

Kafin a hau rufi akwai ladabi da ba ya cikin takardar kamfani. Wanda ya hau soro yana ganin tsakar gida huɗu ko biyar. Sai a yi sallama, a aika yaro ya sanad da maƙwabta za a hau sama, a ba mata lokaci su kimtsa, kuma mai aikin ya sa idonsa ga aikinsa. Hoton da zai ɗauka na sanda ne da waya, ba na gidan mutane ba. Kada ya shiga cikin gida sai da mai gida ko wanda ya wakilta.

Akwai kuma abin da ya fi wannan nauyi, watau rai. Wayoyin lantarki masu bolt 11,000 da 33,000 suna ratsa unguwanni da yawa, waɗansu dab da rufin gidaje, kuma ba su da riga. Sandar ƙarfe mai mita 6 in ta kuɓuce ta faɗa kansu, mai riƙe da ita ba ya tashi. Babbar wuta ma ta kan yi tsalle tun ƙarfe bai taɓa ta ba. Shawarar da aka saba bayarwa ita ce nisan sanda da wayar wuta ya kai ninki biyu na tsawon sandar. In wurin bai ba da haka ba, a sake wuri. Tsani kuma a jingina shi yadda in tsawonsa zuwa inda ya dafa mita 4 ne, gindinsa ya nisanci bango da mita 1, kansa ya ɗara bakin rufi da kamar mita 1, wani yana riƙe da shi a ƙasa. Ba a hawa kwano da raɓa ko bayan ruwa, ba a hawa in hadari ya haɗu.

Sanda ita ce gindin aikin. Bututun ƙarfe mai kauri a ke so, irin na ruwa wanda ba ya tsatsa, mai inci 1 da rabi ko 2, a tsai da shi cak da ma'aunin magina. A ginin bulo da siminti a kan ɗaure shi da maɗauri biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, da tazara mai kyau tsakaninsu. Ginin ƙasa kuwa ba ya riƙe ƙusa, ko ta kama yau, damina za ta sassauta ta, ta kuma buɗe wa ruwa hanya cikin katanga. A irin wannan gida gara a haƙa rami a gefen bango, a kafa sandar cikin kankare tun daga ƙasa. Kada a ɗaura a jikin zanko ko indararo, kada a huda rufin soro, kada kuma a huda kwano in akwai wata dabara, gama ɗigon da zai biyo baya a kan kayan shago ya fi kuɗin intanet na shekara. Sanda in ta yi tsawo sama da maɗaurinta na ƙarshe, sai a ja mata wayoyi uku zuwa kusurwa uku su riƙe ta. Iskar farkon damina, wadda ta kan taso daga gabas gaban hadari ta kwashe rufin mutane, ita ce mai jarraba wannan aiki, kuma faranti a kan sanda kamar tabarma ce aka shanya mata.

Dalilin wannan tsanani shi ne saiti. Farantin da ke harba saƙo nesa bakinsa tsukakke ne. A nisan kilomita 5, kaucewar daraja 1 tak tana kai tsakiyar harbin mita 87 daga hasumiya. Don haka a kan juya shi a hankali ƙwarai, dama da hagu, ana tsayawa kaɗan bayan ko wane motsi domin lambar ta zauna, sa'an nan sama da ƙasa. Wanda ya yi gaggawa ya kan faɗa wani tarko: ban da babban harbi na tsakiya, faranti yana da ƙananan harbi a gefe, mutum ya ga lamba ta ɗan gyaru ya ce ya samu, alhali da ya ci gaba da juyawa da ya ga wadda ta fi ta nesa. Sai a wuce wurin da a ke zato, a dawo, a tabbata. Bayan an ɗaure notuna a sake duba lambar, domin ɗaurin kansa ya kan ja farantin gefe.

Yanzu sai waya, wadda ita ce aka fi yi wa rowa, ita ce kuma ta fi jawo kira. Waya ɗaya ce ta ke ɗaukar saƙo ta kuma kai wa na'urar wuta, silli takwas ne a cikinta, an murɗe su biyu biyu. Iyakar tsawonta mita 100, ba a wucewa. A kasuwa akwai mai araha wadda cikinta alminiyam ne aka shafa masa jan ƙarfe a baya. Ba ta ɗaukar wuta kamar ta jan ƙarfe zalla, tana karyewa in an lanƙwasa, kuma a doguwar tafiya sai na'urar ta riƙa mutuwa tana tashi ba a san dalili ba. Gane ta ba wuya: a kankare silli ɗaya da wuƙa, in fari ya bayyana a ciki, a mai da ita. Attajirin da ba ya sayen shadda sai ya murza ta a hannu bai kamata a ja masa waya mita 40 bai ce a kankare ya gani ba. Rigar wayar ma abin dubawa ce. Mai launin toka ko shuɗi ta cikin ɗaki ce, ranar ƙasarmu ta kan busar da ita ta tsattsage. Ta waje baƙa ce mai tauri, kuma wadda ta fi ita ce mai rufin ƙarfe a ciki da wani silli tsirara na zubad da wuta. Maɗauran roba ma baƙaƙe a ke so, farare su kan karye a rana.

Ruwa ba ya hawa, gangara ya ke, kuma jikin waya hanya ce gare shi. Saboda haka kafin waya ta shiga bango a kan sake ta ta yi ɗan lanƙwasa ƙasa da ramin, kamar wuyan guga, ruwan ya taru a gindin lanƙwasar ya ɗiga ƙasa. Ramin kuma a huda shi bakin ciki ya fi na waje tsawo, a toshe da silikon, bayan an tabbata ba wayar lantarki a binne a wurin. A can sama a rufe murfin na'urar sosai, bakinta yana duban ƙasa, a bar rarar waya kamar mita 1 a naɗe saboda gyaran gaba. Inda waya ta sauko kusa da ƙasa a sa ta cikin bututun roba, saboda ɓera da awaki da hannun yara. Ga wata alama da mai gida zai riƙe: ruwan sama ba ya rage ƙarfin zangon 2.4 ko 5 sai ɗan abin da ba a kula da shi. In dai intanet tana ɗaukewa duk sa'ad da aka yi ruwa, to, ko ruwa yana shiga kan waya, ko jiƙaƙƙen ganye ne a hanya, ko sanda ce ke rawa. Sababbin rediyoyi na gigahaz 60 su ne ruwa mai ƙarfi ya ke kayarwa da gaske, shi ya sa ba a kai su nesa. Bayan an matse kan waya a gwada shi da na'urar gwaji. Inda ya kamata a ga 1000 aka ga 100, silli ɗaya ne bai zauna ba, a yanke a sake.

Tsawa kowa ya san ta, amma akwai 'yar'uwarta mai zuwa a ɓoye. Da hunturu, in mutum ya ja bargo cikin duhu ya kan ga tartsatsi. Busasshiyar iska mai ƙura tana tara irin wannan wuta a jikin abin da ke kan sanda, in ba ta sami hanyar sauka ba sai ta bi ta cikin na'urar ta ƙone bakin wayar. Maganin duka biyu hanyar ƙasa ce. A kafa sandar ƙasa mai rufin jan ƙarfe, a haɗa ta da sandar rediyo da waya mai kauri, gajera, miƙaƙƙiya, a kuma haɗa ta da wayar ƙasa ta gidan in akwai, domin kada su zama biyu masu saɓani. Busasshiyar ƙasa ba ta karɓar wuta da kyau, don haka wuri mai laima a ke nema, kamar kusa da makwararar ruwa. Masu aikin lantarki sun saba zuba gawayi da gishiri a ramin. Yana taimako, sai dai gishiri yana cin ƙarfe, a riƙa dubawa. Akwai kuma 'yan na'urorin tare wuta da a kan sa a kan wayar, ɗaya a sama kusa da rediyo, ɗaya a inda ta shiga gida. Kada wani ya yi wa mai gida alkawarin ƙarya: in aradu ta faɗo kan sandar kanta ba abin da zai tsira. Abin da a ke karewa shi ne wadda ta faɗi a kusa, ita ce kuwa ta fi yawa. In hadari ya yi tsanani, zare wayoyin daga bango ya fi ko wace dabara.

A cikin ɗaki akwai ƙaramin akwati mai ba rediyon wuta, a kan ce masa PoE. Baki biyu gare shi, ɗaya na rediyo mai wuta a ciki, ɗaya na rauta, watau na'urar da ke raba intanet cikin gida. In aka musanya su a kan yi ɓarna. Waɗansu akwatunan bolt 24 su ke bayarwa, waɗansu 48, kuma da yawa ba su tambayar na'ura abin da ta ke so, tura mata kawai su ke yi. Mai 48 a kan rediyon 24 ƙonewa ce nan take. Mai ɗaurawa ya rubuta a jikin ko wace waya inda ta nufa, domin ranar da akwatin ya lalace yaron shago zai je kasuwa ya sayo wanda ya yi kama da shi. Kada a ajiye su cikin silin ƙarƙashin kwano, inda zafin watan Afrilu ya ke dafa kome, ko a ƙasa inda a ke shara da ruwa. Wutar da su ke ci kaɗan ce, rediyo da rauta tare wajen wat 15. Batir mai bolt 12 da amfiya 7 a lissafi zai riƙe su sa'a 5 da 'yan kai, amma in ana so ya yi ƙarko ba a shanye fiye da rabinsa, sai a ƙidaya sa'a 3 ba kaɗan. Mai sola ko inbata ya sa su a kanta, ya hutar da su daga fizgar da a ke yi sa'ad da a ke juyawa tsakanin wutar gari da janareta.

Rauta kuma wurin zamanta a tsakiyar inda a ke bukata ne, a sama, ba cikin kabad ko bayan firiji ba. Katangar ƙasa mai kauri da dakin mai rodi suna shanye siginarta. Gida mai zaure da turaka da sassa da yawa rauta ɗaya ba ta isarsa, gara a ja waya zuwa sashe na biyu a sa wata.

Na'urori da yawa su kan zo da sunan shiga da kalmar sirri na kamfani, waɗanda duk duniya ta sani. Tsofaffin na'urorin Ubiquiti ubnt ne sunan, ubnt ne kalmar; tsofaffin MikroTik kuwa admin ne, ba kalma sam. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta kame na'urori dubu ɗaruruwa a duniya ta wannan ƙofa, ba ta fasa kome ba, kalmomin kamfani kawai ta riƙa gwadawa. Sai a sake su tun a ranar, a sabunta manhajar na'urar, a kuma zaɓi sunan ƙasar da a ke ciki a cikin saitinta, domin wani yanki na zangon 5 tare a ke amfani da shi da na'urorin hangen yanayi, kuma ko wace ƙasa da iyakar da ta yanka. A Nijeriya hukumar sadarwa ta NCC, wadda aka kafa a 1992, ita ke ba masu sayad da intanet lasisi, ba laifi mai gida ya tambayi wanda zai ba kuɗinsa ko yana da shi, ko a ƙarƙashin wa ya ke aiki.

Kafin mai aiki ya naɗe tsaninsa, ya gwada gudun intanet a gaban mai gida, da waya a jikin kwamfuta, domin gwajin wayar hannu daga wani ɗaki ba ya nuna gaskiyar abin da ya sauko daga sama. Sa'an nan a rubuta takarda biyu, ɗaya ga ko wane: lambar siginar da aka samu a ranar, gudun da aka yi ciniki a kansa, tsawon wayar da irinta, da kuma wanda ya mallaki rediyon, kamfani ne ya ba da aro ko mai gida ne ya saya, da wanda zai biya in tsawa ta ƙone shi. Rigima da yawa daga rashin wannan layi na ƙarshe ta ke tasowa. A nuna wa mutanen gida yadda za su zare wuta su ƙirga talatin su mayar in abin ya tsaya, a kuma gargaɗe su kada kowa ya soka tsinke cikin ɗan ramin nan na sake saiti, gama yana shafe duk abin da aka shirya, sai an sake kiran mai aiki. Wanda aka ɗaura masa da rani ya nemi a dawo a sake awo bayan ruwa ya zauna, wanda aka ɗaura masa da damina kuma a dawo masa cikin hunturu, a gwada sabuwar lamba da wadda ke rubuce a takarda. In ta faɗi da fiye da 5 ko 6, a hau a duba itatuwa da notuna da kan waya.